Zermatt ko Chamonix: wanne ya fi dacewa da mai son zuwa duwatsun Alps?

Duk wanda ya samu bizar Shengen, kuma ya ƙuduri aniyar ganin dusar ƙanƙara da idonsa, sunaye biyu ne za su yi ta maimaituwa a kunnensa: Zermatt a ƙasar Suwizalan, da Chamonix a Faransa, wanda ake furtawa Shamoni. Dukansu ƙananan garuruwa ne a tsakiyar duwatsun Alps, mazaunan kowanne na dindindin ba su kai dubu goma ba, kuma kowanne yana gindin wani dutse da sunansa ya karaɗe duniya. Masu tallar yawon buɗe ido kan jera su kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka abin yake ba. Zermatt ƙauye ne da aka tsara komai nasa don baƙo ya huta, a kuma caje shi kuɗin hutun. Chamonix gari ne mai harkokinsa, wanda ya bar wa baƙo ɗawainiyar tsara tafiyarsa. Daga wannan bambancin kusan duk sauran suka samo asali.

Bari mu fara da hanya, domin a nan ne mai kwana uku ko huɗu kacal zai yanke shawara tun kafin a je ko'ina. Daga filin jirgin saman Jeniba zuwa Chamonix, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota, kuma motocin haya na jigila tsakaninsu duk rana. Mutum kan sauka daga jirgi da hantsi ya ci abincin rana yana kallon Mont Blanc, dutsen da garin ke gindinsa. Zermatt kuwa tana can ƙuryar wani dogon kwari a jihar Valais. Daga Jeniba ko Zurich sai an yi awa uku da rabi zuwa huɗu a jirgin ƙasa, a sauya jirgi a garin Visp, sannan ƙaramin jirgi ya hau da kai kwarin. Ko da ka yi hayar mota, ba za ka shiga garin da ita ba. A Täsch, kilomita biyar kafin Zermatt, ake ajiye motoci, a ƙarasa a jirgin ƙasa cikin minti 12. A cikin garin ƙananan motoci masu aiki da lantarki ne kawai ke ɗaukar mutane da kaya, sai keken doki na wasu manyan otal, sai kuma ƙafa.

Wannan hani na motoci shi ne rabin daɗin Zermatt. Babu hayaƙi, babu ƙarar manyan motoci, yaro zai iya sakin hannun uwarsa a kan titi. Amma hanya ɗaya da ke shiga kwarin ita ce kuma rauninsa. A watan Janairun 2018 dusar ƙanƙara ta yi yawa har aka rufe titi da layin dogo saboda fargabar zaftarewa, baƙi kimanin 13,000 suka maƙale, aka riƙa kwashe masu gaggawa da jirgi mai saukar ungulu. Ba kullum ake haka ba, sai dai mai tikitin komawa gida washegari ya kamata ya bar wa kansa rarar kwana guda. Chamonix akasin haka take: babban titin da ya haɗa Faransa da Italiya ta nan ya bi, ya shige ƙarƙashin Mont Blanc ta wata hanya mai tsawon kilomita 11.6 da aka buɗe a 1965, ya ɓulla a Courmayeur. Shiga da fita ba wuya. Ladan hakan shi ne manyan motocin dakon kaya, da hayaƙin da kan kwanta a kwarin a ranakun tsananin sanyi idan babu iska, wanda mutanen yankin sun daɗe suna kuka da shi.

Sai tsayi, wanda mutane da yawa ke yi wa gurguwar fahimta. Garin Chamonix kansa yana kan mita 1,035 ne daga doron teku, wato bai ma kai Jos ba. Zermatt tana kan mita 1,600 da ɗoriya, kusan daidai da tsaunin Mambila. Wannan ratar ta mita ɗari shida tana da tasiri: titunan Zermatt sun fi daɗewa da farar dusa a lokacin sanyi, yayin da a Chamonix, idan yanayi ya ɗan yi ɗumi, sai ka tarar ruwan sama ne ke sauka a gari, dusar tana can sama. Wanda burinsa ya buɗe taga da safe ya ga komai fari fat, ya fi samun tabbas a Zermatt. Har ila yau Chamonix tana cikin kwari mai zurfi, manyan duwatsu sun tare ta ta kudu, don haka a Disamba da Janairu rana kan makara kafin ta leƙo gari, ta kuma yi saurin ɓuya.

Amma ba zaman gari ke kai mutum can ba, hawa sama ne. A nan ne kwatancen ya fi armashi, kuma a nan ne wanda ba zai taɓa ɗaura katakon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙafarsa ba ya kamata ya fi mai da hankali.

Abin alfaharin Chamonix shi ne motar igiya ta Aiguille du Midi, wato akwatin ɗaukar mutane da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe, wadda aka buɗe a 1955. Daga tsakiyar gari take tashi, ta yada zango a Plan de l'Aiguille, sannan ta miƙe kusan a tsaye ta kai ka kan wani tsinin dutse mai tsayin mita 3,842. Hawan mita 2,800 ke nan cikin kimanin minti 20. A can sama Mont Blanc, mai tsayin sama da mita 4,800, yana gabanka kamar ka miƙa hannu, ga masu hawan dutse ɗaure da igiya suna sauka ta wani siririn ƙundu na ƙanƙara. Tun 2013 akwai wani akwatin gilashi da aka maƙala a gefen dutsen, mutum ya shiga ya tsaya, ƙarƙashin ƙafarsa babu komai sai sarari na kimanin mita dubu. Abin yana da ban tsoro, kuma tsoron ne ake saya. Na biyu shi ne jan jirgin ƙasa na Montenvers, wanda ya haura shekara ɗari yana aiki, yana kai mutane mita 1,913 su leƙa Mer de Glace, daskararren kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. Wurin yana da ban tausayi. Ƙanƙarar ta yi ta narkewa tana ja da baya, har ta kai sai an sauka matakala sama da ɗari biyar kafin a taɓa ta, a gefen dutse kuma an kafa alamun inda take a shekarun baya. A 2024 aka buɗe sabuwar motar igiya da ta rage wannan wahalar.

Zermatt kuma tana da Matterhorn, mita 4,478. Bai kai Mont Blanc tsayi ba, amma ya fi shi siffa nesa ba kusa ba. Mont Blanc ƙaton tudu ne fari a cikin 'yan'uwansa, baƙo ma kan tambaya wanne ne a ciki. Matterhorn shi kaɗai yake tsaye, mai kusurwa huɗu da tsini, ana hangen sa daga cikin gari, babu mai buƙatar a nuna masa. Shi ne hoton da ya daɗe a kan kwalin cakulan Toblerone, har zuwa 2023 da kamfanin ya cire shi saboda ya mai da wani sashe na aikinsa Sulobakiya, dokar Suwizalan kuwa ba ta yarda a yi amfani da alamun ƙasar a kan abin da ba a can aka yi shi ba. Hanya mafi daɗi ta kallon dutsen ita ce jirgin ƙasa na Gornergrat, da ke aiki tun 1898. Kana zaune a kujera, cikin ɗumi, ya hau da kai a hankali cikin rabin awa da 'yan mintuna zuwa mita 3,089, inda za ka ga Matterhorn a gefe guda, Monte Rosa mai ƙololuwa mafi tsayi a Suwizalan a ɗaya gefen, kogin ƙanƙara na Gorner yana kwance a ƙasa. Mai son ya ƙara sama sai ya hau motar igiya zuwa Klein Matterhorn, mita 3,883, tashar motar igiya mafi tsayi a Turai. Tun Yulin 2023 ma ana iya zarcewa daga nan a motar igiya har Cervinia ta Italiya ba tare da an taka dusa ba.

A ganina, idan tafiyar da dattijo ce ko da ƙananan yara, Gornergrat ta fi Aiguille du Midi dacewa, ba don kyau kaɗai ba. Jirgin yana tsayawa a tashoshi, wanda ya ji jiri zai iya sauka a Riffelalp ko Riffelberg ya huta. Aiguille du Midi, ban da zango ɗaya na Plan de l'Aiguille, ba ta ba jiki wannan damar, kuma ba a hawa da yaron da bai kai shekara uku ba.

Wannan ya kawo mu maganar da ta fi shafar mutanenmu, wadda takardun talla ba sa kawowa: sikila. A tsayin mita 3,800, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ya saba a ƙasa ba. Lafiyayye ma kan ji ciwon kai, haki da kasala. Ga mai ciwon sikila, ƙarancin iska da tsananin sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma ga su duka uku a wuri guda. Hatta mai AS, wanda a gida bai san yana da wata matsala ba, likitoci sun tabbatar tsayi irin wannan na iya taɓa masa saifa. Don haka duk iyalin da ke da mai sikila su ga likita kafin su sayi tikiti. Idan an ba da izinin tafiya amma an hana hawa can ƙololuwa, Chamonix ta fi sauƙi, tunda wurin kwana ya fi ƙasa kuma Montenvers bai kai mita 2,000 ba. Masu hawan jini, ciwon zuciya da mata masu juna biyu su ma shawarar ta shafe su.

To, wasan zamiyar kansa fa? A nan garuruwan suka fi rabuwa.

Zermatt tana da filayen wasa uku, Sunnegga da Rothorn, Gornergrat, da ɓangaren Klein Matterhorn, kuma duk an haɗa su da juna. Idan aka haɗa da na Cervinia, tsawon gyararrun hanyoyin zamiya ya kai kilomita 360. Mafi yawansu masu faɗi ne, masu tsawo, gangararsu ba ta tsanani ba, irin waɗanda mai matsakaicin ƙwarewa zai yini a kai bai gaji da su ba. Daga Klein Matterhorn zuwa cikin gari ana yin zamiya ta kimanin kilomita 25 a jere. Da yawan mutane kan tsallaka Italiya su ci abincin rana, inda ya fi araha, su dawo da yamma. Gargaɗi ɗaya: sai da tikitin da ya haɗa ƙasashen biyu, kuma a kula da lokacin rufe na'urorin hawa da kaɗawar iska. Wanda ya makara a ɓangaren Italiya, ko dai ya kwana can, ko ya biya tasi ta zagaya da shi duwatsu na awanni, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Saboda tsayin filayen, dusa ba ta cika yankewa ba daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, har da rani ma ana wasa a kan ƙanƙarar Theodul, ko da yake a zafin 2022 dole ta sa aka dakatar na wani lokaci.

Chamonix ba ta da fili guda. Filayenta a warwatse suke a tsawon kwarin: Brévent da Flégère a ɓangaren da rana ke haskawa, Grands Montets a Argentière, Balme a can Le Tour, Les Houches a ƙasan kwari. Ban da Brévent da Flégère da ke haɗe, tsakanin sauran sai an shiga bas ko jirgin ƙasa, da takalman wasa masu nauyi a ƙafa da katako a kafaɗa. Kowace safiya sai an zauna an yanke shawarar inda za a nufa. Ga mai iyali wannan gajiya ce. To me ya sa gwanayen duniya ke tururuwa can? Saboda gangaren Chamonix masu tsauri ne, kuma abin da ya fi jan su yana wajen gyararrun hanyoyi. Mafi shahara ita ce Vallée Blanche, zamiyar kimanin kilomita 20 daga Aiguille du Midi a kan kogin ƙanƙara mai ramuka da dusa ta rufe bakinsu. Ba a gyara ta, ba a sa mata alamu, mai hankali ba ya shigarta sai da ɗan jagora. Ƙungiyar 'yan jagorar Chamonix tun 1821 take, ita ce mafi daɗewa a duniya. A garin ne kuma aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924, kuma 'yan yankin ne, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc a 1786. Matterhorn sai a 1865 Edward Whymper ɗan Ingila da tawagarsa suka hau shi, huɗu daga cikin su bakwai suka rasu a hanyar saukowa. Kaburburan masu hawan dutse na nan a bayan cocin Zermatt.

Ga sabon shiga, wanda bai taɓa tsayawa a kan katakon ba, gaskiya babu ɗaya daga cikin biyun da aka gina dominsa. Amma idan dole sai ɗaya, lissafin yana da ɗan ban mamaki. Chamonix, duk da sunan da ta yi na wurin gwanaye, tana da ƙananan filayen koyo a ƙasan kwari, irin su Les Planards da Le Savoy a bakin gari da La Vormaine a Le Tour, inda tikitin ba shi da tsada. A Zermatt filin koyo yana sama, a Sunnegga, sai an hau jirgin da ke bi ta cikin dutse. Wurin yana da kyau, rana na dukansa, Matterhorn na gabanka, amma kana biyan kuɗin Zermatt ne don ka yini kana faɗuwa a fili ɗan ƙarami. Kwana ukun farko na koyo ba su cancanci wannan kuɗin ba. Wanda ya riga ya iya juyawa da tsayawa, shi ne zai ci moriyar Zermatt.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani. Suwizalan ta fi Faransa tsada a kusan komai: ɗaki, abinci, tikitin hawa, har kofin shayi. Zermatt kuma tana cikin wurare masu tsada a Suwizalan ɗin kanta. Akwai dabarun rage zafi, kamar kwana a Täsch ko Randa a riƙa shigowa da jirgi, kama ɗaki mai kicin a dafa da kai, da sayen katin rabin kuɗi na jiragen ƙasan Suwizalan, wanda ke rage kuɗin Gornergrat ma. Duk da haka Chamonix ta fi faɗin zaɓi, daga masaukin matasa zuwa manyan otal, ga manyan kantuna da gidajen burodi na mutanen gari. Can Yuro ake kashewa, Zermatt kuwa faran na Suwizalan. Ga ɗan Nijar, Kamaru ko Chadi, Yuro ta fi sauƙin lissafi tunda sefa a ɗaure take da ita, kusan 656 kowace Yuro ɗaya, ga kuma Faransanci da zai yi ciniki da shi, ya yi wa likita bayani da shi. Zermatt Jamusanci ne harshenta, amma ma'aikatan otal da tashoshi suna jin Turanci sosai, da yawa kuma suna jin Faransanci, don haka ɗan Najeriya ko Gana ba zai ɓata ba a ko'ina cikin biyun.

Biza ɗaya ce ke shigar da mutum duka, domin Suwizalan tana cikin tsarin Shengen tun 2008 duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ƙa'idar ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ba wadda jirgi zai sauka ba. Mai zuwa Chamonix ta Jeniba, bizar Faransa zai nema.

Abinci kuma sai Musulmi ya buɗe ido a duka garuruwan, domin girkin mutanen dutse cuku ne da dankali da naman alade. Tartiflette, wadda ke ko'ina a Chamonix, da yankakken naman alade ake yin ta. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, da farar giya ake dama shi. Raclette cuku ne da dankali kawai, amma yawanci da farantin busasshen nama ake kawo ta, sai ka ce a bar naman. Rösti, soyayyen gurzajjen dankali na Suwizalan, a tambaya ko an sa masa alade. Wanda zai dafa da kansa, ya fi sauƙi ya yi cefanen naman halal a Jeniba ko wani babban gari kafin ya hau dutse, kuma a nan ma kusancin Chamonix ya ba ta rata.

Idan aka ce in zaɓa wa wani, ga yadda zan raba. Mai kwana uku ko huɗu, mai auna kuɗinsa, wanda kallo da hoto da ɗan gwada zamiya suka kai shi, ya tafi Chamonix: zai hau Aiguille du Midi, ya ga Mer de Glace, ya ratsa ƙarƙashin dutse ya sha kofi a Italiya, duk ba tare da ya ɓata kwana biyu a hanya ba. Haka ma gwanin da ke neman gangare mai tsauri. Mai mako guda, wanda ya ɗan iya wasan, ko ango da amarya, ko mai tafiya da iyayensa da ke son natsuwa da hawa a zaune, kuma aljihunsa zai ɗauka, Zermatt ce tasa. Wanda ke da kwana goma zai iya haɗa su, domin akwai layin dogo daga Chamonix ta Vallorcine zuwa Martigny, daga nan Visp, sai Zermatt, tafiyar kimanin awa huɗu.

Lokaci kuwa, a guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa, inda layi ke tsawo farashi ya haura. Tsakiyar Janairu ta fi araha amma ta fi sanyi, rana kuma gajera ce. Maris ya fi dacewa da wanda jikinsa bai saba ba: dusa na nan, rana ta fara tsawo. Kada a sayi tikitin hawa ƙololuwa kwanaki da yawa kafin ranar ba tare da duba hasashen yanayi ba, domin idan gajimare ya rufe ko iska ta yi ƙarfi, ko dai a rufe motar igiyar ko ka hau ka ga hazo kawai. Duka garuruwan suna da kyamarori a kan duwatsu da ake kallo kai tsaye a intanet. A duba su da safe. A kuma tabbatar inshorar tafiya ta ƙunshi wasan zamiya da ceto a kan dutse, saboda inshorar da ake saya don biza ba lallai ta haɗa da su ba, kuma wanda aka ɗauko daga filin wasa da karyayyar ƙafa, a Faransa ne ko a Suwizalan, shi ake miƙa wa takardar kuɗin.